Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Rage Sautin Baya Da Kanta Idan Ana Magana A Makirufo



Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a nan Ibadan na tashi, karatuna bai wuce sakandare ba. Abin da na sani game da kwamfuta a hannu na koye shi, da laftof ɗin da na saya na hannu. Ni ne yaron da ake kira idan za a watsa walima ko taron 'yan kasuwa kai tsaye a Facebook, don 'yan uwa na gida Arewa su gani. Bayanin da zan yi yau sai da ya jawo wa wani bawan Allah asarar sa guda kafin na zauna na koye shi.

Abin da ya sa na koya

Wata rana shugabannin kara suka ce za a rufe kasuwa yini ɗaya a yi shara da feshi. Baba ne aka wakilta ya yi sanarwa, ni kuma na ɗauki muryarsa. Don abin ya yi armashi sai na sa wani kiɗa a ƙasa, na tura guruf ɗinmu na WhatsApp. A kunnena komai ya fita, domin na riga na san abin da ya faɗa. Baba ya ce ranar sha shida. Wani Alhaji da ke lodi a Maigatari ya saurara a wayarsa cikin hayaniyar kasuwar Alhamis, kiɗa ya danne farkon kalmar, ya ji ashirin da shida. Tirelarsa ta iso ta tarar da ƙofa a rufe. Shanun da suka kwana biyu a hanya suka ƙara yini a tsaye, ɗaya ya faɗi, dole aka yanka aka sayar wa mahauta yadda suka ga dama.

Da dare Baba ya kira ni ya ce, "Kai yaro, ni ka ɗauka ko makaɗi?" Na ce, "Ku yi haƙuri Baba." Ban da abin faɗa bayan wannan.

Mene ne wannan abu?

Masu aikin sauti suna kiransa ducking da Turanci, ma'anarsa duƙawa. Ni dai ina ce masa duƙar da sauti. Idan ka fara magana, kiɗa ko wani sautin da ke tashi a kwamfuta ya yi ƙasa da kansa. Ka yi shiru, ya dawo yadda yake. Ba sai ka riƙa murɗa wani abu da hannu ba.

Kusan kowa ya taɓa jinsa, sunan ne kawai ba a sani ba. Mai gabatar da shiri a rediyo yana buɗe baki kiɗa ya sauka. Direban da ke sauraron wa'azi a waya, Google Maps na cewa a juya dama, muryar malam ta ragu na ɗan lokaci. Duk abu ɗaya ne.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne hanyoyin yin sa a kwamfuta sun kasu uku, kuma kowace da aikinta. Akwai ta lokacin kira, akwai ta watsa shiri kai tsaye, akwai ta gyaran murya bayan an ɗauka. Wanda ya ɗauki ta kira ya ce zai yi walima da ita, zai sha wahala a banza.

Kalmomi biyar da za ka riƙa cin karo da su

Manhajojin da Turanci suke, don haka zan rubuta sunan kowane maɓalli yadda yake a allo.

1. Desibel, ana rubuta shi dB. Shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. A kwamfuta 0 shi ne ƙololuwa, duk abin da ke ƙasa da alamar ragi yake zuwa. Saboda haka -10 ya fi -30 ƙara. Idan ka rage sauti da desibel 10, kunne zai ji kamar an raba ƙararsa biyu.

2. Threshold, wato iyaka. Sai muryarka ta haura wannan iyakar sannan kwamfuta ke yarda cewa magana kake yi.

3. Ratio, wato yawan dannewa. Lambar na ƙaruwa, kiɗan na ƙara yin ƙasa.

4. Attack, wato saurin sauka. Ana auna shi da milisakan. Milisakan 1,000 ne sakan ɗaya.

5. Release, wato saurin dawowa bayan ka yi shiru.

Hanya ta farko: saitin Windows na lokacin kira

Wannan tun Windows 7 da ta fito a 2009 yake, kuma yana nan a Windows 10 da 11. Ba ka buƙatar sauke komai.

Danna maɓallin Windows tare da harafin R. Wani ƙaramin akwati zai buɗe, ka rubuta mmsys.cpl ka danna Enter. Za ka ga shafuka huɗu a sama, ka shiga na ƙarshe, wanda aka rubuta Communications. A ciki akwai zaɓi huɗu a jere: na farko ya kashe duk sauran sauti gaba ɗaya, na biyu ya rage da kashi 80 cikin 100, na uku ya rage da kashi 50, na huɗu kada ya taɓa komai. Kwamfuta da na biyun take zuwa.

To ga abin lura. Wannan saitin ba muryarka yake saurare ba, kira yake jira. Da zarar manhaja ta sanar da Windows cewa an shiga kira, sauran sauti zai sauka ya zauna a ƙasa har a gama, ko kana magana ko ka yi shiru. Kuma ba kowace manhaja ce ke sanar da Windows ba, shi ya sa wani lokaci za ka saita ka ga bai yi komai ba.

Amfaninsa: kana sauraron labarai a laftof, dillali ya kira ka ta kwamfutar, ba sai ka tsaya neman inda za ka kashe ba. Sannan shi ne maganin wata matsala da ake yawan kawo mini, wai "kwamfutata tana rage ƙara da kanta, ko lasifikar ce ta mutu?" Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Ka zaɓi na huɗu, ka danna OK, shi ke nan.

Hanya ta biyu: OBS Studio don shiri kai tsaye

Wannan ce ainihin wadda ke bin muryarka. OBS Studio manhaja ce ta kyauta, da ita ake watsa shiri zuwa Facebook da YouTube, ana kuma ɗaukar bidiyo da ita. Tana aiki a Windows da Mac da Linux.

A ƙasan allonta akwai wurin da aka rubuta Audio Mixer. Za ka ga layuka masu motsi: ɗaya na makirufo, yawanci sunansa Mic/Aux, ɗaya na sautin kwamfuta, sunansa Desktop Audio. Ga matakan:

1. Je layin sautin kwamfuta, ko na kiɗan da ka ɗora. Danna ɗigo ukun da ke gefensa, ka zaɓi Filters.

2. Danna alamar tarawa, ka zaɓi Compressor.

3. A can ƙasa akwai layin Sidechain/Ducking Source. Buɗe shi ka zaɓi makirufonka.

4. Gyara lambobin.

Kuskuren da ya fi yawa, ni ma da shi na fara, shi ne ɗora wannan abu a kan makirufo. A'a. A kan kiɗan ake ɗora shi, sai a nuna masa makirufo a matsayin wanda zai riƙa saurare. Wanda zai duƙa shi ake ba umarni.

Lambobin da OBS ke zuwa da su su ne: dannewa 10:1, iyaka -18, saurin sauka milisakan 6, saurin dawowa milisakan 60. Waɗannan an yi su ne don daidaita murya, ba su dace da duƙar da kiɗa ba. Milisakan 60 ya yi gajarta ƙwarai: tsakanin kalma da kalma kiɗan zai riƙa ɗagowa yana komawa, kamar mai haki. Mai sauraro minti biyu zai yi ya fita.

Ni ga inda nake farawa:

- Iyaka: -30
- Dannewa: 8:1 ko 10:1
- Saurin sauka: milisakan 10 zuwa 20
- Saurin dawowa: milisakan 600 zuwa 1,000
- Output Gain: a bar shi a 0

Bari in nuna lissafin, ba shi da wuya. A ce muryarka tana kaiwa -12, iyakarka kuma -30. Ka haura iyaka da 18 ke nan. Idan dannewa 10:1 ne, a ƙiyasce kiɗan zai sauka da desibel 16. Idan 4:1 ne, zai sauka da 13 da rabi. Idan kuwa ka bar iyaka a -18 yadda ta zo, ka haura da 6 kawai, kiɗan zai sauka da wajen 5 kawai. Saboda haka idan ka ga abin bai danne sosai ba, iyakar za ka fara saukarwa kafin ka taɓa sauran.

Yaya za ka san ƙarfin muryarka? Dubi layin makirufo lokacin da kake magana. Yana da launi uku: kore, rawaya da ja. Rawaya daga -20 yake farawa, ja daga -9. Murya mai kyau a cikin rawaya take zama, ba ta shiga ja sai jefi-jefi.

Abu ɗaya da ke ɗaure wa mutane kai: OBS tana rage sautin ne ga masu kallo, ba ga lasifikarka ba. Kai da ke zaune gaban laftof za ka ci gaba da jin kiɗan da ƙararsa, ka ɗauka aikin bai yi ba. Hanyar tabbatarwa ita ce ka danna Start Recording, ka yi magana na minti ɗaya, ka tsayar, ka saurara.

Matsalarmu ta musamman: hayaniya

Bidiyoyin koyarwa da na kalla duk a ɗaki shiru aka yi su. Mu kuwa ina muka ga shiru? Janareta na ruri a bayan shago, 'yan okada na hon, saniya na kuka, maƙwabci ya ƙure rediyo. Kwamfuta ba ta san bambancin muryarka da kukan bijimi ba. Duk abin da ya haura iyaka, magana ne a wurinta. Sakamakon haka kiɗan zai duƙa ya ƙi tashi, ko ya riƙa sama da ƙasa ba dalili.

Ga abin da ya yi mini aiki, bisa tsarin muhimmanci:

Na farko, kusantar da makirufo. Tazarar tafin hannu ɗaya daga baki ta isa. Makirufon da ke jikin laftof shi ne mafi muni, domin yana nesa da kai, yana kuma ɗaukar ƙarar fankar kwamfutar da taɓa madannai. Ko ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi shi nesa ba kusa ba.

Na biyu, sa abin ji a kunne. Idan kiɗan na fita ta lasifika, makirufo zai ji shi, ya ɗauka magana ce, ya danne kiɗan. Kiɗan na sauka sai ya daina ji, ya sake shi, ya sake ji, ya sake dannewa. Haka za su yi ta zagaye.

Na uku, auna hayaniyar wurin kafin a fara. Yi shiru sakan 10 ka dubi inda layin makirufo ya tsaya. Idan janareta ya kai shi -35, to iyakar -40 ba za ta yi ba, domin ko ba ka ce uffan ba an riga an haura ta. Iyaka tsakanin hayaniya da murya ake sa ta. A irin wannan wuri nakan sa -25.

Na huɗu, tace makirufon. A Filters na makirufo, ƙara Noise Suppression ka zaɓi RNNoise, yana rage ƙugin janareta da fanka sosai. Bayansa ƙara Noise Gate, wanda ke rufe makirufo idan ba a magana. Yana zuwa da -26 na buɗewa da -32 na rufewa. Amma a yi hattara da dattawa masu magana a hankali. Na taɓa barinsa a haka wani tsoho yana addu'a, ya riƙa yanke masa ƙarshen kalmomi. Ga irinsu a saukar da lambobin biyu, ko a cire shi.

Kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, saitin da ka yi ɗazu ya tashi aiki. Sake aunawa.

Hanya ta uku: Audacity don muryar da aka riga aka ɗauka

Idan sanarwa ce, ko tallar kaya, ko gaisuwar biki da za a tura WhatsApp, ba ka buƙatar OBS. Audacity ita ma kyauta ce, tun shekarar 2000 take, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta.

Shigo da kiɗan da muryar duka. Tsarin jerin yana da muhimmanci: kiɗa a sama, murya a layin da ke ƙarƙashinsa kai tsaye. Idan ka juya su, ko dai ta ƙi aiki ko ta danne muryar. Zaɓi layin kiɗan gaba ɗaya, ka shiga Effect ka nemi Auto Duck. A sababbin fitowa yana ƙarƙashin Volume and Compression.

Lambobin da take zuwa da su: rage kiɗa da -12, iyaka -30, rabin sakan na sauka, rabin sakan na dawowa, sai Maximum Pause sakan 1. Wannan na ƙarshen yana nufin idan shirunka bai kai sakan ɗaya ba, kiɗan ba zai ɗago ba. Ga mai magana a tsanake irin Baba nakan mai da shi sakan 2.

Audacity ta fi OBS a abu ɗaya. Tunda muryar tana gabanta tun farko, takan fara sauke kiɗan kafin kalmar farko ta fito. OBS kuwa sai ta ji ka tukuna, don haka farkon kalma na iya haɗuwa da kiɗa. Da wannan na yi amfani a sanarwar Baba, da "sha" ɗin nan bai ɓace ba.

Game da -12, a ganina bai isa ba. Ƙa'idojin da hukumar W3C ta tsara don sauƙaƙa wa masu matsalar ji sun ce sautin baya ya kasance ƙasa da murya da aƙalla desibel 20, wato kamar ya ragu ninki huɗu a kunne. Masu sauraronmu da yawa dattawa ne, da ƙaramar waya, a tsakiyar kasuwa ko cikin mota. Ni -18 zuwa -20 nake sawa.

Idan babu kwamfuta a wurin

Masu kayan sauti na biki su duba na'urarsu. Miksa da yawa ta 'yan DJ tana da maɓallin Talkover, wasu manyan lasifikoki masu caji kuma suna da Mic Priority. Aikinsu ɗaya ne da abin da muka yi bayani: mai gabatarwa na magana, kiɗa ya sauka. Sau nawa muka je ɗaurin aure ko walima ana ta ihu a makirufo ana gasa da kiɗa, alhali maɓallin na nan ba wanda ya taɓa shi?

Idan abin ya ƙi

- Kiɗa bai sauka ba: ko ba ka zaɓi makirufo a layin Sidechain ba, ko iyaka ta fi ƙarfin muryarka. Sauke ta.
- Kiɗa ya sauka ya ƙi dawowa: hayaniya ta haura iyaka. Ɗaga ta, ka matso da makirufo.
- Kiɗa na haki tsakanin kalmomi: ƙara saurin dawowa zuwa 800 ko 1,000.
- Farkon magana na ɓacewa: rage lambar saurin sauka, ko ka fara da sallama kafin ka shiga muhimmin zance.
- Komai na ragewa da zarar an shiga kira: saitin Windows ne, koma hanya ta farko.

Wace za ka ɗauka?

Kira kawai kake yi, ka tsaya a saitin Windows. Shiri kai tsaye, OBS. Saƙon murya ko bidiyon da za a tura daga baya, Audacity. Kowacce ka ɗauka, kada ka gwada da kunnenka kai kaɗai, domin kai ka riga ka san abin da aka faɗa. Tura wa wanda bai ji ba, ya saurara a lasifikar waya a bakin titi, ya maimaita maka abin da ya ji. Ni ƙanwata nake ba, kuma ba ta jin kunyar ce mini ba ta gane ba.

Sai doka ta ƙarshe, wadda babu manhajar da za ta koya maka. Idan maganar ta ƙunshi rana, ko farashi, ko lambar asusu, ko sanarwar rasuwa da lokacin jana'iza, to kada a sa kiɗa kwata-kwata. A faɗi lambar sau biyu, a haɗa da sunan ranar, a kuma rubuta ta a ƙasan saƙon. Haka nan karatun Alƙur'ani da wa'azi, ba a mai da su sautin baya a riƙa magana a kansu, a tsayar da su a gama magana tukuna.

Alhajin nan na Maigatari ya yafe, da na je ba shi haƙuri ma cewa ya yi ƙaddara ce, rabon mahauta ne ya tsaga. Amma har yau in ya gan ni da laftof sai ya ce, "Ɗana, yau da ganga ko babu?" In ce, "Babu, Alhaji."

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.